Babi na Shida: Gyaran Tankar Wasa Mai Rimot

A babin da ya gabata mun yi bayanin motar kara da ta gwangwani, waɗanda yaran ƙasar Rima suke ƙerawa da hannunsu bayan girbi, lokacin da karan dawa ya bushe har ana iya feƙe ɓawonsa a soka shi cikin totuwa. Yanzu kuwa za mu juya ga wata abar wasa wadda ba a gonakinmu ta tsiro ba, wadda alhazai suke sayowa tsaraba daga kasuwannin Makka da Madina, ko kuwa 'yan kasuwa su ɗauko ta daga Legas da Kano zuwa Sakkwato, daga nan ta rarrabu zuwa Wurno da Rabah da Goronyo: ina nufin ƙaramar tankar yaƙi ta roba, mai tafiya a kan sarƙa, wadda yaro yake tsayawa daga nesa riƙe da rimot, ya umurce ta ta yi gaba ko baya, ta juya kanta mai ɗauke da igwa, ita kuwa ta bi umurninsa ba tare da zare ko waya ta haɗa su ba. Duk wanda ya san gidajenmu ya san ƙarshen irin wannan tsaraba: a yi 'yan kwanaki unguwa tana cike da murna, yara suna bin ta zuga guda, sa'an nan wata rana ta tsaya cik, a girgiza ta, a bubbuga ta, daga bisani a jefa ta ƙarƙashin gado ko bayan rumbu, a ce ta mutu. Abin da nake so in tabbatar a wannan babi shi ne, galibin waɗannan tankoki ba mutuwa suka yi ba, wata 'yar illa ce ta same su wadda ake iya ganewa, kuma ranar da tanka ta lalace ta fi ranar da aka saye ta amfani ga yaro, in dai an yarda ya zauna ya ga yadda ake buɗe cikinta.

Ya kamata mai karatu ya san asalin abin kafin ya sa masa hannu. Tankar yaƙi ta haƙiƙa sojojin Ingila ne suka fara shiga fagen fama da ita, ranar 15 ga Satumba 1916, a ƙasar Faransa, cikin yaƙin duniya na farko. Hikimar sarrafa na'ura daga nesa da igiyar rediyo kuwa ta girme ta, domin tun a shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York wani ɗan jirgin ruwa da yake juyawa a kan ruwa ba tare da ya taɓa shi ba. An daɗe kafin a haɗa waɗannan abubuwa biyu a cikin abar wasa. Kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fitar da tanka samfurin Sherman mai rimot a shekarar 1974, a yau kuwa mafi yawan waɗanda suke isowa kasuwanninmu daga ƙasar Sin suke fitowa, musamman birnin Shantou, inda masana'antun kayan wasa suka taru, kuma can ne kamfanin Heng Long yake, wanda ya shahara da wannan sana'a. Masu ƙirar suna bin wani mizani da suke rubutawa a jikin kwali, kamar 1/16, ma'anarsa kuwa kowane tsawo da ke jikin tanka ta gaskiya an raba shi gida goma sha shida an ɗauki kashi ɗaya. Saboda haka Sherman, wadda tsawonta ya kusa mita 6, takan dawo kimanin santimita 37, wato ƙasa da kamu ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan mizani a zuciyarsa, domin za mu koma kansa in mun zo ado.

Wataƙila wani dattijo ya ce, ina ruwan mai hankali da gyaran abin wasan yara, alhali ga noman albasa da tafarnuwa da shinkafa yana jira a fadamar Wurno? Jawabinsa ta fuska biyu ne. Ta farko, shari'a ta hana tozarta dukiya, kuma abin da aka saya da kuɗi masu nauyi, aka ratso ƙasashe da shi, jefar da shi saboda wata waya da ta tsinke yanki ne na almubazzaranci, ko da abin ƙarami ne. Ta biyu, malamanmu ba su taɓa ƙasƙantar da sana'ar hannu ba: Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa asalan sana'o'i cikin farillan kifaya, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a cikinta a shekarar 1837, kabarinsa yana nan har yau, ya bayyana a littafinsa Usulus Siyasa cewa yana daga haƙƙin shugaba ya raya masu sana'a a ƙasarsa. Haka kuma, a Bagadaza, 'ya'yan Musa bin Shakir su uku sun wallafa Kitabul Hiyal a ƙarni na tara na Miladiyya, sa'an nan Aljazari ya kammala littafinsa na na'urori a shekarar 1206, kuma da yawa daga abin da suka ƙera domin nishaɗi ne da ban mamaki, ba a kuwa ce sun ɓata lokaci ba, domin wanda ya iya sarrafa ruwa ya motsa tsuntsun tagulla shi ne ya iya ɗaga ruwa daga kogi zuwa gona. Amma mas'alar sura, ba ta taso ba a nan, tun da tanka ba mai rai ba ce, kuma malaman fiƙihu ba su hana surar abin da ba shi da rai ba.

Asalin gyara duka shi ne neman sababi kafin magani, kuma a nan ne ake bambanta gwani da mai lalube. Na taɓa zama a rumfar wani mai gyaran rediyo a kasuwar Wurno, dattijo mai ƙarancin magana, wanda yake ɗora ƙarfen narka dalma a kan garwashi in babu wuta, sai ga wani yaro ya zo rungume da tanka mai ruwan ƙasa. Bai karɓe ta ba tukuna, sai ya tambaye shi: "Kai yaro, mi as same ta? Hwaɗuwa ta yi, ko ruwa ta sha, ko tana cikin tahiya ta tsaya?" Yaron ya ce: "Baba, tana tahiya ta kama kuka, ta dinga kewaya wuri guda." Dattijon ya kifar da ita a kan cinyarsa, ya kunna, ya kara kunnensa a gefen hagu, sa'an nan a gefen dama, ya ce wa yaron ya danna gaba, sarƙar dama ta juya, ta hagu ta tsaya, amma ana jin ɗan injin hagu yana gudu da wata siririyar ƙara kamar ba ya jan komai. Tun bai kwance sukuru ko ɗaya ba ya riga ya san inda cutar take, domin injin da yake gudu alhali sarƙarsa tana tsaye ya shaida cewa batir lafiya, rimot lafiya, fanel lafiya, abin da ya rage kawai shi ne giyar da ke tsakanin injin da sarƙa.

Dalilin wannan ƙiyasi yana cikin ƙirar tanka kanta. Ba ta da sitiyari irin na mota. Injuna biyu gare ta, kowane yana jan sarƙa ɗaya ta hanyar jerin giyoyi masu haƙora, waɗanda suke rage gudun injin su ƙara masa ƙarfi. In duka biyun suka yi gaba da gudu ɗaya, sai ta miƙe. In ɗaya ya tsaya, sai ta karkata wajensa. In ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, sai ta juya a inda take tsaye. Wanda ya fahimci wannan ya riƙe mabuɗin rabin cututtukanta. Da dattijon ya buɗe akwatin giya, sai ga ƙaramar giyar da ke bakin sandar injin ta tsage daga sama har ƙasa, tsaguwa siririya kamar gashi, wadda ba a gani sai an karkata ta ga hasken rana. Wannan illa ta yawaita ƙwarai, domin giyar roba ce da aka cusa ta da ƙarfi a kan sandar ƙarfe, in ta tsufa ta bushe sai ta fashe, sandar ta dinga juyawa a cikinta a banza. Bai nemi manne ta ba, domin gam ba ya riƙe abin da ke juyawa da irin wannan gudu. Sai ya jawo wani gwangwani cike da tarkacen tsofaffin rediyo masu kaset da na'urorin faifai, ya dinga tonawa yana ƙirga haƙoran giyoyi da farcensa, har ya sami mai adadin haƙora daidai da ta farko, mai rami daidai da sandar, ya ɗora ta, ya danna ta da bayan filaya a hankali.

Amma ba kowace tanka ce take bayyana cutarta da sauƙi haka ba. In ta yi shiru gaba ɗaya, ba motsi ba haske, tertibin bincike shi ne a fara daga inda wuta take fitowa a bi ta har inda take ƙarewa, kada a tsallake mataki. A fara da batir, na tanka da na rimot duka, a auna su da mita. Sa'an nan a duba ƙarafan da batir yake taɓawa, domin batirin da aka manta a ciki yakan zubar da wani farin gari mai cin ƙarfe, maganinsa kuwa ɗigon ruwan lemon tsami a kan auduga, a goge, a bushe, a ɗan kankare da sanfefa har ƙarfen ya yi haske. Daga nan sai makunni, wanda ƙura take shiga ta toshe shi, sai wayoyi, musamman waɗanda suke hawa zuwa kan tanka mai juyawa, domin yawan murɗawa yakan tsinke su a cikin rigarsu alhali zahirinsu lafiya. Fanel shi ne na ƙarshe da za a tuhuma, ko da yake shi ne na farko da masu gaggawa suke ɗora wa laifi. Game da rimot kuma, tsofaffin tankoki, masu doguwar eriya, suna aiki ne a kan zango kamar 27 MHz ko 40 MHz, kuma wajibi ne zangon rimot ya dace da na tanka. Sababbin kuwa a kan 2.4 GHz suke, kowace tanka tana ƙulla sani da rimot ɗinta, don haka rimot ɗin maƙwabci ba zai motsa ta ba ko da kamarsu ɗaya.

A nan dole in tsawaita kan batir, domin a nan ne aka fi yin ɓarna, kuma ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kowane fanel yana da iyakar ƙarfin wutar da yake ɗauka. Ƙananan tankoki sukan ci batura huɗu, wato bolt 6. Manya masu mizanin 1/16 sukan zo da ƙunshin batura shida masu caji, kowane bolt 1.2, jimla 7.2, ko kuwa batirin litiyam biyu masu 3.7 kowane, jimla 7.4. Sau da yawa wani saurayi mai himma, ganin batirin asali ya mutu, sai ya jawo waya daga batirin babur mai bolt 12, tanka ta yi wani gudu na ban mamaki na ɗan lokaci, sa'an nan a ji ƙauri, taransistocin da ke juya injuna gaba da baya su ƙone. Haka nan juya ƙafafun batir, a sa ja a gurbin baƙi, yakan kashe fanel nan take. Wanda zai yi amfani da baturan litiyam da ake cirowa daga matacciyar kwamfuta, lalle ya sa musu ɗan fanel ɗin kariya, ya caja su da cajar da ta dace da su, kada ya bar su cikin rana ko a ɗakin kwano da tsakar bazara, domin zafin ƙasarmu a watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, batirin litiyam kuwa in ya kumbura ko ya huje yana iya kama wuta. Wanda ya kumbura ba a gyara shi, ba a kuma ba yaro ya yi wasa da shi.

Abokin gaba na biyu, bayan ɓarnar batir, shi ne ƙura. Giris ɗin da aka shafa wa giyoyi a masana'anta, in ƙurar hunturu da yashin gulbi suka shige shi, yakan rikiɗe ya zama abin da ke cin haƙoran da aka sa shi ya kare. Sai a kwance giyoyin, a jera su a kan farar takarda bisa tertibin da aka cire su, a wanke su da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, a bar su su bushe, a mayar da ɗan giris kaɗan. Kada a wanke da fetur, domin yana cin wasu nau'o'in roba ya sa su tsattsage. Sarƙa kuwa, in ta gaɓoɓi ce masu ƙusa, ƙusar da ta ɓace ana maye ta da guntun allura ko siririyar wayar ƙarfe, a kuma ƙirga gaɓoɓin dama da na hagu su zo daidai, in ba haka ba tanka ba za ta taɓa miƙewa ba. In bayan an haɗa komai aka danna gaba sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, kada a firgita, wayoyin inji ɗaya ne aka sauya musu gurbi wajen dalma.

Karayar jiki ita ce mafi sauƙi. Tsaguwa ana huda ɗan rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, a yi mata faci daga ciki da guntun roba da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a bar shi ya kwana. Sufa gulu yana kamawa da sauri, amma yana da gautsi, ba ya jure bugu. Bakin igwa da ya karye ana zura masa siririn ƙarfe ta ciki kafin a manne. Wasu tankokin suna harba 'yan ƙwallayen roba masu milimita 6. Ra'ayina shi ne a cire wayar wannan na'ura muddin tankar tana hannun ƙananan yara, domin ido ba shi da madadi a cikin gwangwanin mai gyara.

Saura ado, wanda shi ne ɓangaren da na fi ƙauna, kuma wanda yake buƙatar tadabburi fiye da ƙarfin hannu. Tanka takan fito daga kwali tana ƙyalli, launinta ɗaya daga sama har ƙasa, alhali babu wata mota mai aiki a bayan ƙasa da take haka. Bayan an wanke jikinta da sabulu, an toshe giyoyi da fanel da takarda, an yi mata fenti marar ƙyalli shafe biyu ko uku marasa kauri, ana jiran kowane ya bushe, sai a shiga mayar mata da alamun tafiya. Malamin wannan fanni ba littafi ba ne. Ka je ka tsaya a bakin hanyar Goronyo ranar kasuwa, ka dubi manyan motocin da suka ɗauko albasa, ko tarakta da ta fito daga gonakin ban ruwa da ke ƙasan madatsar ruwan Goronyo, ka lura da inda ƙura take zama da inda ba ta zama. Za ka ga ta yi kauri a ƙasa da baya, ta taru a lunguna da kewayen notuna, ta yi sauƙi a sama. Za ka ga baƙin hayaƙi a bakin salansa, da zirin tsatsa da ya gangaro daga inda ruwan damina yake kwanciya, da hasken ƙarfe tsirara a gefunan da ƙafa da hannu suke yawan gogawa. Kayan aikin duka suna kusa: jar ƙasa daga tudu, baƙar laka daga fadamar Rima, garin gawayi domin hayaƙi, bakin fensir domin goga gefunan sarƙa su yi hasken ƙarfe, da ruwan ƙaro, irin wanda almajirai suke sa wa tawada, domin ya riƙe ƙurar kada ta kakkaɓe.

A nan ne mizanin da muka ambata yake dawowa da hukuncinsa. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, in ta zauna a jikin tanka mai 1/16, matsayin tsakuwa take mai milimita 16, kuma babu motar da take yawo da irin wannan tsakuwa manne a jikinta. Saboda haka wajibi ne a daka ƙasar, a tankaɗe ta da ƙyalle mai laushi, a ɗauki garin da ya fi kowane laushi. Haka mizanin yake hukunci a kan gudu da nauyi. Sherman ta haƙiƙa gudunta kimanin kilomita 40 ne a sa'a, wanda in an raba shi goma sha shida ya zama kilomita biyu da rabi, wato ƙasa da tafiyar mutum. Nauyinta kuwa, kimanin tan 30, ba da 16 ake raba shi ba, da 16 sau 16 sau 16 ne, wato 4096, domin tsawo da faɗi da tsayi duka sun ragu, sai ya ba da kilo bakwai da 'yan kai. Tankar roba ba ta kai wannan ba, shi ya sa take tsalle a kan tsakuwa maimakon ta taka ta. In giyoyinta masu ƙarfi ne, ɗan ƙarfe da aka manne a ƙasan cikinta yakan ba ta natsuwa. Yaron da aka nuna wa wannan lissafi da tankarsa a gabansa ya fahimci nisba fahimtar da allon makaranta ba kasafai yake bayarwa ba. Kuskuren da ya fi yawa a ado shi ne wuce iyaka, a lafta laka da tsatsa har abin ya koma kamar an tono shi daga juji. Tsaya tun kana ganin da saura.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan rufe babin ban taɓo ta ba. Gabashin Sakkwato ya sha wuya a hannun 'yan bindiga a waɗannan shekaru, kuma mutanen Goronyo ba su manta da harin da aka kai kasuwarsu a watan Oktoba 2021 ba, wanda aka rasa rayuka masu yawa a cikinsa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar mana da aminci. Yaran wannan yanki sun ga motocin sulke da idonsu, ba a hoto ba, don haka uban da ya ƙi shigar da surar kayan yaƙi gidansa yana da hujja, ban kuwa ga laifinsa ba. Wanda kuma ya riga ya saya, shawarata ita ce ya karkatar da zuciyar ɗansa daga igwar zuwa ga abin da ke ƙarƙashinta, domin injuna biyun nan da sarƙa biyun nan su ne dai ƙirar katafila mai gyaran hanya da haƙa madatsar ruwa, kuma ba wuya a cire kan tankar a ƙera mata cebur na gwangwani a gaba, ta koma mai tura ƙasa.

Saboda haka, ya kai mahaifi, in tankar ɗanka ta tsaya, kada ka aika da ita wurin mai gyara ita kaɗai. Ka aika da ita tare da mai ita, ka roƙi mai gyaran ya bar shi ya riƙe sukudireba, ya ƙirga haƙoran giya da kansa, ka kuma biya shi ladan aikinsa cikakke har da na koyarwa.